Matsattsen Zubin Haruffa Mai Salon Tuna-Baya a Allunan Unguwar Television, Kaduna: Ƙira, Amfani da Matsalar Ƙugiya

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin wani nau'in zubin haruffan boko da ya yawaita a allunan shaguna, fastoci da jikin ababen hawa a unguwar Television ta Kaduna: dogayen haruffa, matsattsu, marasa ƙafa, waɗanda aka gina bisa da'ira da miƙaƙƙen layi, aka kuma ba su kamannin zamanin da ya shuɗe. An bi asalin zubin, an warware ƙirarsa, sannan an gwada shi da ma'aunin karantuwa daga nesa. Matsayar takardar ita ce, ribar fili da ake nema da matse harafi ba ta kai yadda ake zato ba, kuma rubutun Hausa ne ya fi cutuwa, domin ƙirar ba ta bar wa ƙugiyar Ɓ, Ɗ da Ƙ gurbi ba.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Television tana kudu da kogin Kaduna, a cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kusa da Barnawa da yankin masana'antu na Kakuri, a kan hanyar Kachia da ke wucewa Sabon Tasha. Tashar motarta da kasuwarta su suka fi fito da sunanta. Mazaunanta gauraye ne, akwai Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, Igbo, Yarabawa da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa akasarinsu a wurin ciniki, a cikin mota da kuma majami'u da dama. Wurin da shago ke manne da shago, kowa na neman idon mai wucewa, ya dace da nazarin rubutun titi.

Manufar takardar ita ce bayyana dalilin da ya sa wannan zubi ya samu karɓuwa a irin wannan wuri, da abin da yake yi wa harshen da aka rubuta da shi. An yi amfani da waɗannan kalmomin fannu: zubin haruffa shi ne abin da masu aikin ɗab'i ke kira fon, zubin kanu shi ne wanda aka ƙera don manyan rubutu irin na allo da fasta, saɓanin zubin jiki da ake karanta littafi da shi, ƙafa ita ce ɗan adon da ke bakin sandar harafi, rami shi ne farin filin da ke cikin harafi kamar O ko D, tazara kuwa ita ce filin da ke tsakanin harafi da harafi. Salon tuna-baya na nufin sabuwar ƙira da aka yi da gangan don ta yi kama da ta dauri.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayi mafi daɗewa a kan haruffan jometiri ya fito ne daga Jamus. Herbert Bayer na makarantar Bauhaus ya zana wani zubi a 1925 da abin zana da'ira da awon miƙe layi kawai, sannan Jan Tschichold, a littafinsa na 1928 kan sabon tsarin ɗab'i, ya kafa hujjar cewa harafi marar ƙafa shi ya dace da zamanin injina. A ganin wannan rukuni, da'ira da miƙaƙƙen layi ba na wata ƙasa ba ne, don haka harafin da aka gina da su na kowa ne. Wannan da'awa ta gama-gari ita ce takardar nan za ta gwada da Hausa.

A Ingila kuwa, Beatrice Warde ta gabatar da lacca a 1930 inda ta nuna cewa ɗab'i nagari shi ne wanda mai karatu ba ya lura da shi. Ra'ayinta ya dace da littafi, amma bai da abin cewa a kan allon mai gyaran waya, wanda amfaninsa duka shi ne a lura da shi.

Rukuni na uku masu aikin allunan hanya ne, waɗanda suka auna karantuwa da nisa. A Amurka, Forbes da Holmes sun wallafa sakamakon gwajinsu a 1939, inda suka kwatanta faffaɗan harafin allon hanya da matsattse. A Ingila, Jock Kinneir da Margaret Calvert sun tsara haruffan allunan hanya tsakanin 1957 da 1963, suka zaɓi haɗa manya da ƙananan baƙaƙe bisa hujjar cewa direba siffar kalma yake ganewa kafin ya tantance haruffanta.

A Nijeriya, Ulli Beier ya jawo hankalin masana ga masu zanen allo irin su Middle Art na Onitsha, Jack Pritchett kuma ya yi rubutu kan zanen jikin manyan motoci a mujallar African Arts a 1979. Hankalin irin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga hoto da saƙon da aka rubuta, ƙirar harafin kanta ba ta samu kaso mai yawa ba. Nazarin yanayin harshe a sarari, wanda Landry da Bourhis suka fayyace a 1997, yana tambayar wane harshe ne ke kan allo, ba ya tambayar ko zubin da ke hannun mai allon zai iya ɗaukar harshen.

Ta fuskar Hausa, Ibrahim Yaro Yahaya a Hausa a Rubuce na 1988 da John Edward Philips a aikinsa na 2000 sun bi tarihin boko tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 zuwa shigowar haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya. Kafin nan ɗigo a ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa ake sawa. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci samar da zubin bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, da taimakon Hermann Zapf na Jamus, a shekarun 1990 kuma Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin kwamfuta masu ƙugiya. Duk wannan ƙoƙari zubin jiki ya fi shafa. Zubin kanu, wanda shi ne jama'a ke gani kullum a titi, an bar shi a hannun kasuwa.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Binciken na siffantawa ne, ba na ƙididdiga ba. An lura da rubutun da ke bainar jama'a a bakin hanyar Kachia, kewayen tashar mota da layukan kasuwa, aka kasa shi bisa abin da aka yi rubutun a kai: allon fenti na hannu, fileks da aka buga da inji, sitika da aka yanka aka liƙa, da fastar takarda. An ware duk rubutun da tsayin haruffansa ya kai ninki biyu na faɗinsu ko fiye, ba su da ƙafa, kuma kaurin sandarsu kusan ɗaya ne. Daga nan aka dubi siffar O, A, K, M da W, da lambobi, da yadda aka bi da haruffa masu ƙugiya da alhamza. An kuma buga zaɓaɓɓun kalmomin Hausa a kwamfuta da ire-iren wannan zubi don ganin inda haruffa ke karo. Wajen rarrabe zubi an bi tsarin Maximilien Vox na 1954 kamar yadda ma'aunin Birtaniya na 1967 ya faɗaɗa shi. Ba a ambaci sunan shago ko mai shago ba.

4.0 Nazari

4.1 Asalin Zubin

Jijiyoyi biyu ne suka haɗu a nan. Ta farko ita ce matsi, wadda ta girmi jometiri da kusan ƙarni guda: tun a shekarun 1830 maƙeran haruffa na Landan, irin su Thorowgood da Figgins, ke sayar da matsattsun haruffa marasa ƙafa ga masu buga fastoci, domin a cusa doguwar kalma a takarda mai ƙarancin faɗi. Alternate Gothic na Morris Fuller Benton, na 1903, daga wannan zuriya yake. Jijiya ta biyu ita ce ta jometiri, wadda ta fito da Erbar a 1926, da Futura na Paul Renner da Kabel na Rudolf Koch a 1927. Baje kolin kayan ado na Faris na 1925 ya ƙara musu ƙawa, wadda ake gani a Bifur na Cassandre na 1929. A shekarun 1930 jijiyoyin suka haɗu a zubi irin su Agency Gothic na Benton da Huxley Vertical na 1935, da kuma matsattsen nau'in DIN 1451 na allunan Jamus.

Abin da ya iso shagunan ɗab'i na Kaduna ya biyo ta wata hanya. Compacta na kamfanin Letraset ya fito a 1963, Impact na Geoffrey Lee a 1965, kuma Microsoft ya raba Impact da Agency FB tare da manhajojinsa, sai suka zama na duk mai kwamfuta. Bebas Neue na Ryoichi Tsunekawa, na 2010, kyauta ake sauke shi daga intanet. A tsarin Vox, Impact da Compacta ba na rukunin jometiri ba ne, amma a idon mai shago duk dangi ɗaya ne: dogo, mai kauri, mai cika allo.

4.2 Da'irar da Aka Matse

Akwai saɓani a cikin sunan zubin kansa. Harafin jometiri da'ira ce tushensa, O na Futura kusan cikakkiyar da'ira ce, ita kuwa da'ira faɗinta da tsayinta ɗaya ne. Da zarar an matse ta, ta tashi daga da'ira. Hanya biyu ce ta rage wa mai ƙira: ko ya yi ta kamar ƙwai, ko ya tsayar da sanduna biyu ya rufe sama da ƙasa da rabin da'ira ko zagayayyar kusurwa. Hanya ta biyu ita ce ta mamaye allunan da aka duba, kuma ita ce ke ba zubin kamanninsa na dauri.

Sakamakon shi ne kusan kowane harafi ya koma sanduna biyu a tsaye da ɗan bambanci a sama, tsakiya ko ƙasa. O da D sai kusurwar hagu ce ke raba su. U da V, idan an zagaye gindin V, sai a hankali. A da aka yi wa shafaffen kai ya yi kusa da R. Ramin kowane harafi ya zama siririn layi daidai da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, har ido ya kasa bambanta farin da ke cikin harafi da farin da ke wajensa. Daga nesa kalmar tana komawa kamar dangar kara, kowane kara irin ɗan'uwansa. Wannan kaɗa ta sanda da fari, sanda da fari, ita ce kyan zubin, kuma ita ce illarsa. Herman Bouma ya nuna a 1970 cewa harafin da ke gefen gani yana wuyar ganewa idan wasu sun matso kusa da shi, mai tafiya a keke-napep kuwa da gefen ido yake fara ganin allo.

M da W su suka fi shan wahala, domin sanduna huɗu ake cusawa a gurbin biyu. A kalmomi irin su GWAMNA, KWAMFUTA da WANKI DA GUGA, cikin W da M kan toshe ya zama baƙin dunƙule, musamman a fileks da tawada ta ɗan malala.

4.3 Matsin Asali da Matsin Kwamfuta

Kaso mai yawa na abin da ake gani a Television ba matsattsen zubi ba ne tun asali. Mai aiki da CorelDRAW yakan buga sunan shago da kowane zubi, ya kama gefen rubutun ya tura ciki ko ya ja sama har ya cika allon. Umarnin da mai shago ke bayarwa ma ke nan, a ja shi ya cika wuri.

Ana gane wannan da ido. A harafin boko da aka ƙera da kyau, sandar kwance takan ɗan fi ta tsaye siranta, domin ido yana ganin layin kwance ya fi kauri ko da awonsu ɗaya. Matsin kwamfuta yana juya wannan tsari. A ƙaddara sandar tsaye da ta kwance duka milimita 10 ne. Idan aka matse rubutun zuwa kashi 60 cikin 100 na faɗinsa, sandar tsaye ta koma milimita 6, ta kwance tana nan a 10. Sai E da T su yi nauyin kai, O ya yi kauri sama da ƙasa ya sirance a gefe, kuma sandar da ya kamata ta riƙe harafin ita ce rana za ta fara cinye wa launi. Mai fentin hannu bai cika faɗawa wannan kuskure ba, saboda faɗin buroshinsa ɗaya ne ko ya ja tsaye ko ya ja kwance.

4.4 Ribar Fili da Ma'aunin Nesa

Hujjar da ake kafawa ita ce matsi yana ba da damar ƙara tsayi, tsayi kuma yana sa a hango daga nesa. Alƙaluman Forbes da Holmes sun rage wa wannan hujja ƙarfi. Idan aka mayar da su ma'aunin mita, faffaɗan harafin da suka gwada ana karanta shi da rana daga kimanin mita 6 a kan kowace santimita ta tsayinsa, matsattsen kuwa daga kimanin mita 4.

A ɗauki allo mai faɗin mita 3 da suna mai gurbin haruffa 15, wato santimita 20 ga kowanne. A ƙaddara faffaɗan harafi yana cin faɗin da ya kai kashi 80 cikin 100 na tsayinsa, matsattse kuma kashi 50. Na farko zai kai tsayin santimita 25, a karanta shi daga mita 150. Na biyu zai kai santimita 40, a karanta shi daga mita 160. An ƙara wa allon santimita 15 na ƙarfe da fileks, an samu ribar mita 10, a titin da babu mai hango shago daga mita 100 saboda rumfuna, motoci da sauran alluna. Ke nan ba nisa ne ainihin abin da mai shago ke saya ba. Abin da yake saya shi ne nauyi, wato yawan launin da ya rufe allon, don nasa ya danne na maƙwabci. A wannan aiki zubin ya yi nasara, kuma babu dalilin hana shi.

Asarar tana ƙasan allo ne. Tun zuwan wayar salula a 2001, lambar waya mai alƙaluma 11 ta zama sashen allo mafi muhimmanci, daga baya lambar asusun banki mai alƙaluma 10 ta bi sahu, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Waɗannan ana rubuta su ƙanana, kuma sau da yawa da zubin da aka rubuta sunan. Lamba mai tsayin santimita 5 za a karanta ta daga mita 30 idan faffaɗa ce, daga mita 20 idan matsattsa ce. Ga shi kuma 0, 3, 6, 8 da 9 duk sun koma sanduna biyu da ɗan gibi. Kalma tana da mahallin da ke taimaka wa mai karatu ya cike abin da bai gani ba. Lamba ba ta da shi, alƙalami ɗaya ya kuskure kuɗi na iya tafiya wani asusu.

4.5 Hausa a Cikin Matsattsen Zubi

Akasarin allunan shaguna a Television da Turanci suke, amma Hausa tana fitowa a fastocin siyasa, a sanarwar tarukan majami'a irin na Zumuntar Mata, a bayan keke-napep da manyan motoci, da allunan masu abinci. Kalmomin da ke yawan fitowa a waɗannan wurare kuwa cike suke da ƙugiya: ZAƁE, ƊAN TAKARA, ƘUNGIYA, ƘARAMAR HUKUMA, ƊAKIN HAYA, ƘOSAI.

Matsalar farko ta rashi ce. A tsarin Unicode, haruffan Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙananansu ba sa cikin rukunin farko da kowane mai ƙera zubi ke cikawa, har ma ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin furuci ne. Da yawa daga zubin kanu da ake saukewa kyauta ba su da su. Idan mai aiki ya buga Ƙ, ko dai akwatin wofi ya fito, ko manhaja ta aro harafin daga wani zubi, sai a ga siriri faffaɗan harafi ɗaya tsakanin kaurara. Abin da ya fi sauƙi shi ne a jefar da ƙugiyar, MASAUKIN BAƘI ya koma MASAUKIN BAKI. Wasu sukan koma dabarar zamanin tafireta su ɗora alhamza a gefen harafin, wasu kaɗan kuma su zana ƙugiyar da hannu su liƙa.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, domin ko an ƙara haruffan tana nan. A ƙananan baƙaƙe, ƙugiyar ɓ da ƙ tana lanƙwasowa dama a saman jikin harafin, ba ta cin ƙarin faɗi, ta ɗ ce kaɗai ke leƙawa waje. A manyan baƙaƙe lamarin ya sha bamban: ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana fita ta hagu a sama, cikin filin harafin da ya gabata, ta Ƙ kuma tana kan hannun sama na dama. Wannan zubi kuwa manyan baƙaƙe ne rayuwarsa, wasu nau'o'insa ma ba su da ƙanana sam, kuma an rage tazararsa har babu wurin da ƙugiya za ta shiga.

A nan siffar A ke yanke hukunci. A shi ne wasalin da ya fi yawa a rubutun Hausa, don haka shi ne maƙwabcin ƙugiya a mafi yawan lokuta. A mai tsinin kai yana barin fili a sama ta gefe biyu. Masu ƙera matsattsen zubi suna ɗaukar wannan fili a matsayin aibi, domin yana karya jerin sanduna, shi ya sa suke shafe kan A ko su zagaye shi ya cika gurbinsa. Amma a kalmar ZAƁE, filin nan da ke saman A shi ne kawai wurin da ƙugiyar Ɓ za ta kwanta. Haka yake ga alhamza a JAMA'A, SANA'A da ADDU'A: tsakanin A biyu masu tsini tana samun wurin zama ba tare da an buɗa kalmar ba, tsakanin A biyu masu shafaffen kai kuwa sai an raba kalmar gida biyu ko a matse alamar ta zama ɗigon da ba a gani. Gyaran da aka yi don kyan Turanci da Jamusanci shi ya toshe gurbin da Hausa ke buƙata, kuma wannan ya isa ya nuna iyakar da'awar gama-gari ta rukunin Bauhaus.

Ana iya cewa Bahaushe yana gane kalmar ko babu ƙugiya, kuma gaskiya ne. Sai dai Television ba Kano ba ce. Yawancin masu Hausa a nan harshe na biyu ne a gare su, kuma sananne ne cewa da dama daga irin waɗannan masu magana ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d a lafazi. Ga yaron da bai yi darasin Hausa a makaranta ba, fasta ce littafin ƙa'idar rubutunsa. Laifin kuma ba na mai kwamfuta ba ne, wanda aka ba aiki da safe ana son sa da yamma, da kayan aikin da ba a yi don harshen ba.

4.6 Wane Baya Ake Tunawa?

Masu sayar da irin wannan zubi a intanet suna danganta shi da Faris da New York na shekarun 1920 da 1930, ko da shekarun 1960 da 1970, zamanin Eurostile na Aldo Novarese da Avant Garde Gothic na Herb Lubalin da Tom Carnase. Eurostile, wanda siffarsa ta murabba'i mai zagayayyar kusurwa ake yawan kwatantawa da gilashin tsohuwar talabijin, ya fito ne a 1962, shekarar da aka fara watsa shirye-shiryen talabijin a Kaduna.

Takardar na ganin bayan da zubin ke tunasar da mazaunin kudancin Kaduna na kusa ne. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma unguwannin da ke kewaye sun cika ne da ma'aikatansu kafin masaƙu su durƙushe a shekarun 2000. Rubutun wancan zamani, na jikin dila da akwati da ƙofar ma'aikata da gefen babbar mota, da faranti mai huji ko da awon miƙe layi da alli ake yin sa. Mai fenti da ke aiki da katakon awo dole harafinsa ya fito da miƙaƙƙun sanduna da gajerun kusurwoyi. Abin da kwamfuta ta dawo da shi da sunan salon ƙetare, hannun masu fentin garin ya riga ya saba da shi, kuma su ba su taɓa rasa yadda za su ƙara ƙugiya ba idan mai allo ya nema.

5.0 Sharuɗɗan Zubin da Zai Ɗauki Hausa

Daga abin da ya gabata, matsattsen zubin kanu da zai yi wa Hausa aiki sai an tsara ƙugiya a cikinsa tun daga zanen farko. A ya kasance mai tsini ko mai siririn kai. A ware wa Ɓ da Ɗ ƙarin faɗi ta hagu, sannan a daidaita tazararsu da kowane wasali ɗaya bayan ɗaya, domin abin da ya yi wa AƊ daidai ba zai yi wa IƊ ko UƊ ba, inda sanda ce tsaye har sama. Salon shekarun 1920 yana da al'adar ɗaga ƙugun harafi sama ko sauke shi ƙasa da tsakiya, kuma ga Hausa saukakken ƙugu ne ya dace, saboda yana tsawaita hannun sama na K har ƙugiyar Ƙ ta samu wurin lanƙwasa ba tare da harafin ya koma kamar R ba. A haɗa da Ƴ saboda masu rubutu a Nijar. Lambobi kuma a buɗa bakin 3, 6 da 9, ko a tanadi faffaɗan nau'insu don layin waya da asusu.

Ta fuskar doka hanya a buɗe take. Zubi irin su League Gothic da Oswald suna ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗen zubi na SIL, wanda ya halatta a gyara a sake rabawa bisa sharuɗɗansa. A zubin da manyan baƙaƙe kaɗai gare shi, haruffa huɗu ne ake magana a kai, aikin da bai fi ƙarfin ɗalibin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba. Gwajin da ya dace da irin wannan aiki shi ne a buga ZAƁAƁƁEN ƊAN TAKARA da ƘWAƘWALWA a fileks, da tsayin santimita 10, a rataye a bakin hanyar Kachia, a sa mutanen da ke ɗaya gefen titi su karanta su kuma rubuta abin da suka gani.